Murya baiwa ce, zama kan kiɗa kuwa sai an koya

 Yau magana ce kan kiɗa da waƙa, kuma na san wasu matasanmu ba za su ji daɗinta ba. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Kwanakin baya na gayyaci wani matashin mawaƙi zuwa gidan rediyonmu. Ba zan faɗi sunanshi ba. Waƙarshi ta zagaye gari, kana jin ta wurin masu cajin salula, kana jin ta bakin ƴan kabu-kabu, har yara ƴan lakwal sun hardace ta. Murya kam Allah ya ba shi. A cikin shirin guda na gayyato wani dattijo makaɗin kalangu daga ƙauye, da nufin yaron ya rera waƙar kai tsaye, dattijon ya kaɗa mashi. Kafin mu buɗe mikro muka ce bari a gwada. Dattijon ya saurari waƙar sau biyu a salula, ya gyara kalangu a hammata, ya kama kiɗan kamar da shi aka yi ta. Yaron ya shiga kafin wurin shiga. Aka sake. Ya shiga daidai, amma kafin ƙarshen baiti ya yi gaba ya bar kiɗa a baya. Aka sake. Wannan karon ya ji tsoro, sai ya riƙa jan ƙafa, amshi ya zo bai gama baitinshi ba. Dattijon ya bi shi, ya rage, ya ƙara, daga ƙarshe ya aje gula ya ce, “Ɗana, muryarka ta yi. Amma ƙafarka ba ta san inda bakinka yake ba.” Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, wallahi a studiyo ba haka take fita ba.”

Gaskiya ya faɗa. A studiyo ba haka take fita ba, kuma nan matsalar take. Mu da muke aiki da na'ura kullum mun san abin da ake yi. Tun shekarun 1990 da fiyano ta Yamaha ta shiga studiyoyin Kano, har zuwa yau da ake haɗa kiɗa a kwamfuta da irin su FL Studio, ba a buƙatar mawaƙi ya rera waƙa daga farko zuwa ƙarshe. Layi ɗaya zai yi, a tsaya, a sake, a ɗauki wanda ya fi. In ya shiga da wuri, mai haɗa kiɗa ya ja muryar baya a kan allo. In ya makara, ya turo ta gaba. Cikin minti ɗaya an zaunar da kowace kalma inda ya kamata. Mai sauraro ya ji waƙa tsaf, mawaƙin ma ya ji ta tsaf, har ya ɗauka shi ya yi. Ranar da aka aje shi gaban makaɗi da jama'a, ranar zai gane cewa wani ne yake ɗauke da shi.

Abin da yaron nan ya rasa, masana adabi suna ce mashi rauji, a lakwal kuma mun ji ana cewa ritim. Ni zan ce mashi taku, don da ƙafa ake fara gane shi. Abu uku ne a ciki. Na farko, ka riƙe gudu guda, kada ka yi sauri in ka ji daɗi, kada ka ja jiki in ka gaji. Na biyu, ka san wurin shiga da wurin fita, da inda za ka yi shiru ka bar kiɗa ya yi magana. Na uku, wanda ya fi wuya, ka riƙa jin sauran mutane kana cikin naka aikin. Ra'ayina shi ne, duk ukun nan babu wanda ake haihuwar mutum da shi cikakke, babu kuma wanda ake saye. Maimaici ne ke kawo su, maimaici tare da mutane, shekara da shekaru.

Wani zai ce, to iyayenmu wace makarantar kiɗa suka shiga? Sun shiga mana, sai dai ba a ce mata makaranta. Ku tuna lugude. Mata biyu ko uku a kan turmi guda, wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke, wata ma ta jefa tata sama ta tafa ta cafe. Wadda ta saɓa da ƙiftawar ido, taɓare su yi karo, hatsi ya watse, a yi mata dariya ko faɗa. Jaririn da ke goye a baya yana jin wannan bugun a ƙirjinshi kowace safiya tun bai san sunanshi ba. Ku tuna gaɗa a dandali da farin wata. Yarinya ta faɗa baya, ƙawayenta su tare ta su cilla, duk a kan tafi. In ba ta faɗa kan lokaci ba, ƙasa za ta sha. Ku tuna gayya, samari sun jeru da hauya, mai gangar noma yana bayansu, wanda ya saɓa sara kowa ya gan shi. Ku tuna maƙera, mai zuga da mai dukan ƙarfe. Har makarantar allo, inda yara talatin ke bin karatu da murya guda, numfashi a wuri guda. Duk wuraren nan suna da hali ɗaya: kullum ake yi, cikin mutane ake yi, kuma in ka yi kuskure nan take za ka sani.

Yau fa? Injin niƙa ya karɓi rabin aikin turmi. Dandali ya koma cikin salula. Gayya ta ragu. A buki, mai sono da memori guda ya maye gurbin makaɗa biyar. Kada a fahimce ni baibai, ba na roƙon a mayar da iyayenmu mata ga daka, sun sha wahalar da ta isa, Allah ya saka masu. Abin da nake cewa shi ne, makarantar da ke koya mamu taku ba tare da mun sani ba tana rufewa, kuma ba mu buɗe wata a madadinta ba. Abin da yaron da yake samu kyauta, yaron yau sai ya tashi ya neme shi da gangan.

Su kansu makaɗa na gado, ba a miƙa ma yaro babban kalangu ranar farko. Ƙaramar ganga ake ba shi, kurkutu ko kanzagi, a ce ya riƙe bugu guda, kada ya ƙara kada ya rage, ko da dare zai raba. Uban kiɗa yana yawo, yana hawa yana sauka, yana kiran taken wane da wane, yaron nan kuwa aikinshi ya tsaya inda aka aje shi. Sai ya yi shekaru a haka kafin a bar shi ya matsa tsarkiya ya sa kalangu magana. Mawaƙi ma da amshi yake farawa. Abin dariya, mu Hausawa mun mayar da sunayen mutanen nan zagi. In muna so mu ce mutum ba ya da ra'ayin kanshi, sai mu ce ɗan kanzagi ne, ko ɗan amshin Shata. Amma ku ɗauko kowace waƙar Shata ku saurara da kunnen basira. Shi yana da ƴancin ya ja baiti, ya gajarta, ya tsaya ya yi magana. Ƴan amshi da makaɗa ba su da wannan ƴancin. Dole su karɓa a wurin da ya dace, ko ta ina ya ɓullo masu. Su ne ƙasar da yake takawa.

Na san hujjar da ake kawowa: ai Shata ba ya zama shirya waƙa, nan take yake yin ta. To, an ji. Amma Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya fi shekara 50 yana waƙa gaban jama'a, daga dandalin ƙauye har zuwa ranar da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Mutumin da ya yi rabin ƙarni yana abu guda, da makaɗan da suka san numfashinshi, shi za a ce bai yi koyo ba? Rayuwarshi duka ita ce koyon. Musa Ɗanƙwairo, da ya rasu a 1991, ɗan makaɗin noma ne, tun yana yaro yake bin mahaifinshi yana amshi, sannan ya zauna ƙarƙashin yayanshi kafin ya ja nashi ayari. Shi ya sa in ka ji yadda ƴan amshinshi ke karɓe magana daga bakin juna, sai ka rantse mutum guda ne. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, tsarkiya guda ce a kuntiginshi, ba ganga ba ƴan amshi, hannu guda ne ke riƙe da takun duka, kuma bai taɓa buƙatar wani ya gyara mashi ba. Nan gida Damagaram muna da Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Sarki, wanda ya rasu a 2002 bayan ya tsufa cikin sana'ar. Kiɗan fada ba wurin kuskure ba ne, ka saɓa a gaban Sarki da hakimai, gari duka ya ji.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Malam Maman Barka, ɗan Tasker a nan jiharmu. Malamin lakwal ne, kuma ya riga ya yi suna a Nijar da gurmi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tashi ya tafi yankin Tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon Buduma da ya rage cikin masu kaɗa biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar da ya yi kama da jirgin ruwa. Mutum ya haura shekara 40, sunanshi ya zagaye ƙasa, ya koma ya durƙusa gaban tsoho a matsayin ɗalibi. Daga baya ya kai biram har Turai kafin rasuwarshi a 2018. In Maman Barka bai ji kunyar komawa koyo ba, kai da waƙarka guda ta yi tashe a TikTok, kunyar me kake ji?

Akwai masu cewa abin gado ne, in ba gidanku ake yi ba, kada ka wahalar da kanka. Ni ban yarda ba. Abin da ɗan gado ya fi ka da shi shi ne ya fara da wuri, kuma malaminshi yana cikin gida. Na ga ɗiyan makaɗa da ba su iya riƙe tafi ba don ba su zauna sun koya ba, na kuma ga ɗan malam da ɗan baduku da suka iya. Akwai kuma masu zuwa neman maganin murya da laƙanin farin jini. Wannan tsakaninku da imaninku. Abin da na sani, ban taɓa ganin layar da ta hana mutum gudu ya bar kiɗa ba.

Wasu kuma za su ce, kai mai rediyo, zamani ya canza, kwamfuta ta wadatar, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ba na gaba da kwamfuta, da ita nake cin abinci. Ta sa yaron Dungas da ba ya da kuɗɗin tara makaɗa ya iya fitar da waƙa, wannan alheri ne. Amma ku duba inda kuɗɗin waƙa suke a yankinmu. Waƙar da ke yawo a salula ta Bluetooth da WhatsApp ba ta kawo ma mai ita ko dala. Abin da ke kawo kuɗɗi shi ne buki, da suna, da taron siyasa, da filin kokowa, wato wurin da mutum ke tsayawa da ƙafarshi gaban jama'a. Sau nawa muka ga mawaƙi yana motsa baki a kan waƙarshi, wuta ta ɗauke ko janareto ya mutu, filin ya yi tsit, shi kuma ya tsaya riƙe da mikro kamar an dasa shi? Wanda ya iya taku, ya ce ma mata su ba shi tafi, buki ya ci gaba. Ku dubi kokowar gargajiya, da ake gasar takobi tun 1975. Har gobe makaɗa ne da gangunansu a bakin fili, don na'ura ba ta ganin lokacin da ɗan kokowa ya ɗaga ƙafar abokin karawarshi balle ta canza kiɗa.

To mene ne abin yi? Cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Taya, da aka buɗe a 1989, tana Yamai, kusan kilomita 1000 daga nan. Ɗan talakan Dungas ba zai je ba. Amma abin da ake buƙata yana hannunmu. Ga abin da na gani yana aiki, daga bakin makaɗan da na zauna da su da kuma aikina, don mu ma masu gabatar da shiri sai da muka koyi gama magana daidai daƙiƙar da kiɗan taken shiri zai tashi.

Ka fara da jiki kafin kayan kiɗa. Ka taka ƙafa, dama hagu, ka tafa a kai, sannan ka rera. In ka buɗe baki ƙafa ta rikice, ba ka isa zuwa studiyo ba tukuna.

Ka sauke abin auna bugu a salularka, wanda ake ce ma metronom. Tsohon abu ne, wani Bajamushe mai suna Maelzel ya yi rajistarshi tun 1815, yau kuma kyauta ake samun shi. In ka sa shi a 60, bugu guda ke nan kowace daƙiƙa. Ka tafa tare da shi har tafinka ya rufe ƙarar, ka daina jin ta. Sannan ka rage murya, ka ci gaba kai kaɗai kana ƙirga, ka maido murya ka ji ko kuna tare. Ranar farko za ka sha mamaki. Yawancinmu gudu muke yi.

Ka yi a hankali. Waƙar da kake yi a 120, ka maido ta 80. Sauri yana ɓoye kuskure, a hankali ne kowane rami ke bayyana. Sai ta zauna sannan ka ƙara kaɗan kaɗan.

Ka koya ma hannuwanka rabuwa. Hannun hagu ya buga biyu a kan cinya, na dama ya buga uku cikin lokaci guda. Kiɗanmu na gargajiya cike yake da wannan saƙar, ita ce ke sa kafaɗa motsi. Satin farko za ka ji kamar kanka zai rabe, wata rana kuma sai ka ga hannuwa sun yi da kansu.

Ka ɗauki muryarka a salula, ka saurara washegari. Kunnen mai waƙa yana yi mashi ƙarya lokacin da yake cikin yi.

Minti 20 kullum ya fi awa biyar ranar jajibirin buki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka: ka nemi mutane. Metronom zai koya maka tsayuwa, amma ba zai koya maka sauraro ba, don shi ba ya jin ka. Ku haɗu ku uku ko huɗu, da ƙwarya da bokiti in babu ganga. Ka je wurin tsohon makaɗin unguwarku ko ƙauyenku, ka gaishe shi da goro da ɗan abin da ya sawwaƙa, ka ce ya ba ka ƙaramar ganga. Kada ka je mashi da girman kai wai kai artist ne shi maroƙi. Wannan rainin da muke yi ma makaɗan gargajiya shi ya sa ɗiyansu da yawa suka gudu daga sana'ar, wasu suka tafi ci-rani, gangunan suna rataye a ɗaka fata tana bushewa.

Sauran jama'a ma da namu. Mai buki da ke ware jika ashirin ko talatin don sono, ya ware wani abu ya kira makaɗa ko na awa guda ne. In babu mai kiran su, babu yaron da zai ga dalilin koyo. Masu kula da al'adu a meri da gidajen matasa, ba sai an jira wani proje daga waje ba, inuwa guda da tabarma da yamma guda a sati sun isa a haɗa tsofaffi da yara. Malaman lakwal, wasan tafi na minti biyar ba zai ɓata darasi ba. Mu ma ƴan rediyo muna da laifi, mun saba karɓar memori mu saka mu yi shiru. Ni dai daga yanzu, duk mawaƙin da ya zo shirina zai yi baiti guda da amshi kai tsaye, da kalangu ko da tafi. Ba don in kunyata kowa ba. Wanda bai shirya ba, ya faɗa mani tun a waje, mu ba shi wata guda ya dawo.

Wanda kuma yake ganin kiɗa bai dace da shi ba saboda addini, ina girmama ra'ayinshi, malamai sun yi maganganunsu a kai, ni ba malami ba ne. Sai dai ko mai waƙar bege da mandiri, ko mai rera wa'azi ba kiɗa, in bai iya riƙe taku ba jama'a ba za su iya bin shi da amshi ba.

Yaron nan da na fara da labarinshi, a ranar dai waƙar studiyo muka saka, muka yi hira, aka rufe shiri. Na ɗauka ya yi fushi ba zai sake gaishe ni ba. Bayan kwana huɗu sai ga shi bakin ƙofar rediyo, ya ce in kwatanta mashi ƙauyen Baba. Na ji labari yana zuwa duk sati a kan babur ɗin aro, kuma har yanzu ƙaramar ganga ce a hannunshi, ba a bar shi ya rera ko baiti guda ba. Na ce mashi in Baba ya ce ya isa, mikro yana jiran su su biyu, kuma zan sanar da ku ranar a nan.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba matasanmu haƙurin koyo. Wanda ya san wani tsohon makaɗi a garinsu da har yanzu hannunshi ke motsi, ya sanar da mu a gidan rediyo, mu je mu gaishe shi tun yana raye.